Tambaya da Amsa: Yadda Bod Ke Gane Inda Rota Take Ba Tare da Sensa Ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai gyaran firji ne a Dilimi, nan cikin Jos, kuma na haura shekara 15 a kan wannan sana'a. Kwamfiresar da na tashi na sani tana da rile da kafasita, idan ka ba ta wuta sai ta tashi, magana ta ƙare. Yanzu firjin inbata sun cika gari, kuma an gaya mini cewa maganaɗisu ne ke juyawa a cikin motonsu, sai bod, wato allon lantarkin da ke sarrafa moton, ya san inda maganaɗisun yake kafin ya saki wuta. Na yanka wata kwamfiresa da ta mutu na duba cikinta, ban ga sensa ko ɗaya ba, waya uku kawai ke fitowa. Ta yaya bodin yake sanin inda rotar, wato ɓangaren moton da ke juyawa, take? Kuma me ya sa take ɗan karkarwa kafin ta tashi, wani lokaci ma ta gwada sau biyu ko uku sannan ta haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Idonka bai yaudare ka ba, babu sensa a cikin wannan kwamfiresa, kuma wanda ya gaya maka cewa sai bod ya san matsayin maganaɗisun ya faɗi gaskiya. Abin da ya haɗa maganganun biyu shi ne, wayoyin nan uku da ke kai wa moton wuta su ne kuma suke dawo wa bodin da labarin inda rotar take.

Tsohuwar kwamfiresar da ka saba da ita ba ta da maganaɗisu a rotarta. Wutar NEPA da ke kai da komowa sau 50 a sakan guda ita ce ke haifar da ƙarfin maganaɗisu mai zagayawa a cikin koyil, wato naɗin wayar da ke cikin moton, rotar kuma ta riƙa binsa a baya kaɗan, don haka babu ruwan kowa da inda ta tsaya. A moton da ke da kabon, wato 'yan sandunan gawayi da ke goga wa rota wuta, irin na injin markaɗe na kicin, sauya wutar na faruwa ne a jikin sandar da ke juyawa, saboda haka lokacin sauyin ba ya kuskurewa. Moton inbata kuwa an cire masa kabon, an dasa maganaɗisu a jikin rota, an jera koyil rukuni uku a kewayenta, sannan aka ɗora aikin sauya wutar a kan taransista shida da ke jikin bod. Idan bodin ya ba koyil wuta a daidai lokacin da maganaɗisun ke tunkararsa, sai a ja rotar gaba. Idan ya makara ko ya yi gaggawa, sai ƙarfin ya ragu, wuta ta tafi a zafi, idan kuskuren ya yi yawa ma a ja rotar baya.

Duk wanda ya taɓa ganin mata uku suna lugude a turmi ɗaya ya san wannan al'amari. Taɓarya ba ta sauka sai ta gabanta ta tashi, kuma idan ɗaya ta rasa lokacinta, taɓare za su haɗu, dakan ya watse. Abin lura shi ne, gwanayen lugude ba sa tsura wa turmin ido, da kunne suke aikin, wadda taɓaryarta ke sama tana sauraron saukar ta 'yar'uwarta.

Hanya mafi sauƙi ta sanin matsayin rota ita ce a sa mata ido, wato sensa. Mafi yawan moton keken lantarki da makamantansa suna ɗauke da sensa uku da ake kira da sunan Edwin Hall, Ba'amurken da ya gano a shekarar 1879 cewa maganaɗisu yana karkatar da wutar da ke bi ta cikin siririn ƙarfe har a iya auna karkatar. Sai dai waɗannan sensa suna buƙatar ƙarin waya biyar, biyu na ba su wuta, uku na dawo da saƙo. Kai ka fi ni sanin cikin kwamfiresa: tukunya ce da aka yi wa walda aka rufe ruf, ga mai, ga gas, ga zafi, kuma kowace waya da za ta ratsa jikinta wata ƙofa ce da gas zai iya tsiyaya ta nan. Idan sensar ta mutu a ciki kuma, babu mai buɗewa ya canja ta. Wannan ne ya sa masu ƙera ta suka zaɓi kunne a madadin ido.

Tushen dabarar tsoho ne ƙwarai. A shekarar 1831 Maikel Faradai ya nuna a Ingila cewa duk lokacin da maganaɗisu ya gifta kusa da koyil, wuta tana haifuwa a cikin koyil ɗin, kuma a kan wannan ne kowane janareta yake aiki. Ke nan moton da ke juyawa janareta ne a lokaci guda, domin maganaɗisun rotarsa yana gifta koyil-koyil ɗin yana haifar da wata wuta da ke turo wadda bod yake aikawa. Bari mu kira ta wutar martani. Kana iya ganinta da idonka idan ka sami moton fankar caji mai waya uku ko na ƙafar keken lantarki: ka ɗora mita a kan waya biyu, ka juya shi da hannu, za ka ga bolt ya bayyana, kuma yana ƙaruwa gwargwadon saurin juyawarka. Idan ka haɗa bakin wayoyin biyu ka sake juyawa, za ka ji ya yi tauri a hannunka.

A tsari mafi sauƙi, bod yana raba kowane zagayen wuta kashi shida, kowanne digiri 60. A kowane kashi waya biyu ne ke ɗauke da wuta, ta shiga ta ɗaya ta fita ta ɗaya, ta ukun kuma a sake ta babu komai. Wannan ta ukun ita ce mai taɓarya a sama, kuma abin da ke kanta a wannan lokacin wutar martani ce zalla. Yayin da maganaɗisun ke wucewa, wutar martanin tana sauka daga sama zuwa ƙasa ko ta hau daga ƙasa zuwa sama, kuma dole ta ratsa ta sifili. Bodin yana jiran wannan ratsawar, domin tana faruwa ne a tsakiyar kashin daidai, wato saura digiri 30 a sauya. Sai ya duba tsawon lokacin da kashin da ya gabata ya ɗauka, ya jira rabinsa, sannan ya juya wutar zuwa wayoyi na gaba. Idan rotar mai kan maganaɗisu shida ce tana juyi 3,000 a minti, wannan sauraro da sauyawa yana faruwa sau 900 a kowane sakan. Bayan kowane sauyi kuma bodin yakan toshe kunnensa na ɗan ƙanƙanin lokaci, saboda koyil ɗin da aka yanke wa wuta yana yin tsalle na bolt wanda zai iya kama da ratsa sifili alhali ba shi ba ne.

Yanzu ga amsar karkarwar. Wutar martani 'yar gudu ce, idan babu juyi babu ita, saboda haka a lokacin da kwamfiresa take tsaye bodin bai san komai game da rotar ba. Abin da yake yi shi ne ya ba wasu koyil wuta tsayayya na ɗan lokaci, don maganaɗisun ya fizgo ya tsaya a wurin da aka sani, kuma wannan fizgar ce kake ji a tafin hannunka. Daga nan sai ya fara juya wutar a hankali bisa ƙiyasi kawai, yana ƙara sauri kaɗan-kaɗan da fatan rotar tana biye, har gudun ya kai inda wutar martani za ta fito fili, wanda galibi ba ya wuce kashi 10 cikin 100 na cikakken gudun moton. Idan ya saurara ya ji ta, sai ya koma aiki da ita. Idan bai ji ba, ya san rotar ta zame masa, sai ya yanke wuta, ya huta, ya sake gwadawa, bayan 'yan gwaje-gwaje kuma ya tsaya ya nuna alamar matsala.

Babban abin da ke sa rotar zamewa a wannan mataki shi ne nauyi. Idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, kamar yadda muka saba gani, gas ɗin da ke gefen fita yana nan a matse, fistin zai tashi ne da kaya a kansa, kuma jan da ake yi bisa ƙiyasi ba shi da ƙarfin da zai ture shi. Shi ya sa bodin yake jiran 'yan mintoci kafin ya tayar da ita, kuma ina roƙonka ka riƙa yi wa masu kaya bayanin wannan jira, domin da yawa suna ɗauka lalacewa ce. Gas da aka cika fiye da kima, ko bututun da ya toshe, ko fistin da ya fara cijewa, duk suna kawo irin wannan gwaji da haƙura, kuma sau da yawa ana ɗora wa bod laifi a canja shi a banza.

Kafin ka yanke wa kowanne hukunci, ka auna om, wato yadda waya ke tirje wa wuta, tsakanin ƙafafun kwamfiresar nan uku, biyu-biyu. A tsohuwar kwamfiresa awon uku ya bambanta, biyu idan an haɗa su ne suke ba da na ukun, amma a ta inbata dole su zo daidai da juna, kuma kada ko ɗaya ya nuna haɗuwa da jikin tukunyar. Kada ka taɓa gwada ta da wutar NEPA kai tsaye, domin ba za ta tashi ba, koyil ɗin ne zai ƙone, maganaɗisun ma yana iya rasa ƙarfinsa. Ka kuma kiyayi babban kafasitan da ke jikin bod, wanda yake riƙe da sama da bolt 300 ko bayan an zare soket.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina noman rani na tumatir da kabeji a gefen Lamingo, kuma bara na haɗa famfon sola da ke jan ruwa daga wani tsohon kududdufin kuza. Da na matsar da shi zuwa wuri mai zurfi sai na ƙara masa waya mai tsawo. Tun daga nan, da safe yakan yi ta fizga yana tsayawa, sai rana ta take sannan ya kama. Mai sayarwa ya ce kwantirola, wato akwatin da ke sarrafa wutar famfon, ita ce ta samu matsala. Haka ne?

Amsa: Barka kadai, Alhaji, Allah ya ba da damina da rani masu albarka. Ban ga famfon ba, amma tun da matsalar ta fara ne daga ranar da aka ƙara waya, ni wayar zan fara tuhuma kafin kwantirola.

Yawancin waɗannan famfuna irin moton da muka yi bayani a sama ne, waya uku ke sauka zuwa gare shi a cikin ruwa, kwantirola kuma tana sama a bushe tana sauraron wutar martani. Masu inganci daga cikinsu ba sa bin tsarin nan na sakin waya ɗaya, suna ba duka ukun wuta a kowane lokaci, mai hawa da sauka a sannu, don moton ya yi aiki ba ƙara kuma ba ɓarnar wuta. Tushen wannan tsari aikin injiniyoyin Jamus ne, musamman Felix Blaschke na kamfanin Siemens a farkon shekarun 1970. Amma da yake babu wayar da ke zaune babu aiki, ba a iya auna wutar martani kai tsaye, sai dai a lissafo ta.

Lissafin kamar na direban da ya san hanyar Jos zuwa Bauchi ne a ranar da hazo ya rufe gari. Ya san gudunsa, ya san mintocin da ya yi tun da ya wuce Tilden Fulani, don haka yana da ƙiyasin inda yake, kuma da zarar ya hango wata alama da ya sani kafin Nabordo sai ya gyara ƙiyasin nasa. Ita ma kwantirola tana ɗauke da siffar moton a cikin ƙwaƙwalwarta, wato yawan om na koyil, da yadda koyil ɗin ke jinkirta hawan wuta, da ƙarfin maganaɗisu. Ta san bolt ɗin da ta aika, tana auna amfiyar, wato yawan wutar da ta gudana, sai ta cire abin da koyil ya ci, abin da ya rage shi ne wutar martani, kuma daga fuskar da ta nufa ake gane kusurwar rota. Tana maimaita wannan sau dubbai a sakan, tana gwada amfiyar da ta yi tsammani da wadda ta auna, tana gyara kuskurenta. Hanyoyin wannan gyara sun samo asali ne daga aikin Rudolf Kalman na 1960 da na David Luenberger na 'yan shekaru bayan haka, kuma ba don moto aka fara ƙirƙiro su ba.

Raunin lissafin yana wurin cirewar nan. Idan adadin om da kwantirola ta sani ba shi ne na gaskiya ba, za ta ɗauki asarar waya a matsayin wutar martani, ta kuskure kusurwar. A cikakken gudu kuskuren ba ya damun kowa, domin wutar martani tana da yawa. A lokacin tashi kuwa, ita kaɗan ce, amfiya kuma tana da yawa, sai kuskuren ya rinjayi gaskiya. Wayar da ka ƙara, idan siririya ce kuma doguwa, ta shiga cikin om ɗin da kwantirola ba ta san da shi ba, ga kuma bolt ɗin da take cinyewa kafin wuta ta isa ƙasa. Ka haɗa wannan da raunin hasken safiya, musamman a watannin hunturu da ƙura ke kwanciya a kan faifan sola, sai ka ga dalilin da ya sa yake fizga ya saki. Ko zafi kaɗai yana taɓa lissafin, domin om na jan ƙarfe yana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri, wato koyil da ya ƙara zafi da digiri 50 ya ƙara kusan kashi 20.

Shawarata ita ce ka duba takardar famfon ka ga kaurin wayar da aka ƙayyade wa wannan tsawon, ka sa mai kauri guda ɗaya ba tare da ƙulli ba idan da hali. Idan dole sai an haɗa, a ɗaure mahaɗar da abin da ruwa ba ya ratsawa, domin salatif na yau da kullum ba ya daɗewa a cikin ruwa, kuma mahaɗa ɗaya da ta yi tsatsa ta isa ta sa waya ɗaya ta bambanta da sauran biyun. Ka kuma ɗaga famfon daga ƙasan kududdufin. Laka da yashin waɗannan ramuka na kuza suna cije famfo mai sanda murɗaɗɗiya, wanda dama yana buƙatar ƙarfi sosai kafin ya motsa, ba kamar mai fuka-fuki ba da ke tashi da sauƙi. Idan bayan sake haɗa wayoyin ka ga ruwa ya ragu ko ya ƙi fitowa, wataƙila juyin ya koma baya ne, sai a musanya waya biyu daga cikin ukun.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a fannin injiniyan lantarki a Jami'ar Jos. Na fahimci cewa wutar martani tana ɓacewa idan moto ya tsaya. Shin babu wata hanya ta gane matsayin rota a tsaye ba tare da an fizge ta ba?

Amsa: Akwai, 'yata, kuma nan ne binciken wannan fanni ya fi zurfi. Mai sayen tukunyar ƙasa yakan ƙwanƙwasa ta ya saurari amonta kafin ya biya, haka ake yi wa rotar da ke tsaye. A irin moton da aka binne maganaɗisu a cikin ƙarfen rota, hanyar da ta bi ta cikin maganaɗisu da wadda ta bi ta ƙarfe zalla ba ɗaya ba ne a wurin koyil, domin maganaɗisu kusan kamar iska yake wajen ba da hanya. Saboda haka koyil ɗin da ke fuskantar maganaɗisu yana barin amfiya ta hau da sauri fiye da wanda ke fuskantar ƙarfe. Sai kwantirola ta aika ƙananan bugun bolt masu saurin gaske, daga ɗaruruwa zuwa 'yan dubbai a sakan, waɗanda ba su isa su motsa rotar ba, ta auna yadda amfiya ta amsa ta kowace fuska, daga nan ta gano layin da maganaɗisun yake kwance. Manfred Schrödl ya yi aiki a kan wannan a Biyana ta ƙasar Ostiriya tun ƙarshen shekarun 1980, Robert Lorenz da ɗalibansa kuma suka faɗaɗa shi a Jami'ar Wiskonsin ta Amurka a shekarun 1990.

Wannan awo yana nuna layin ne kawai, ba ya bambanta kan arewa da na kudu na maganaɗisun, don haka ana iya kuskure da digiri 180 cif, moton ya tashi da baya. Ana warware wannan da bugu biyu masu ɗan ƙarfi, ɗaya ta kowace fuskar layin. Bugun da ya dace da fuskar maganaɗisun yana ƙara wa ƙarfen abin da ya riga ya kusa ƙoshi da shi, sai amfiya ta fi hawa ta wannan gefen, a gane nan ne arewa. Da moton ya ɗauki gudu sai a janye bugun a miƙa aikin ga lissafin wutar martani, kuma wannan miƙawar ce ta fi ba masu tsara manhajar wahala, domin idan ƙiyasin biyu suka saɓa a lokacin, moton yana girgiza.

Dabarar tana da farashinta. Bugun yana fitar da wani siririn fito da kunne ke ji, yana ƙara zafi kaɗan, kuma ba ya aiki sosai a moton da aka manna maganaɗisunsa a bayan rota, inda bambancin fuskokin bai taka kara ya karya ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa motocin hawa masu lantarki har yanzu galibi suke ɗauke da sensar kusurwa a jikin sandar moto, domin motar da ta tsaya a kan tudu da mutane a ciki tana buƙatar cikakken ƙarfi tun daga juyin farko. Idan kina neman aikin ƙarshen karatu a nan, ki fara da moton keken lantarki mai sensar Hall: ki bar sensar a haɗe don ta zama ma'auninki, ki rubuta lissafin wutar martani a gefe, sannan ki riƙa rage gudu kina lura da inda ƙiyasinki ya fara rabuwa da abin da sensar ke faɗa, moton yana sanyi da kuma bayan ya yi zafi.